Ranar da Sai-an-tura Ta Kamo Motar Maniyyata

Muna idar da sallar asuba muka tashi daga Gusau, ni da yayana, a cikin jar motarsa wadda mutanen gari suka laƙaba wa suna Sai-an-tura. Ranar ma sai da aka tura, maƙwabta biyu suka taimaka, ko casbi ba su ajiye ba.

Motar ta hannu ce. Wani Bature mai sayen auduga ne ya sayar masa da ita da zai koma ƙasarsu. Ba ta da rufi, kujerunta biyu, hancinta dogo, cikinta kamar zai shafi ƙasa. An ce a can tsere ake yi da irinta. A hannun yayana kuwa da ƙyar take zuwa tashar jirgi daga kasuwa ba ta tafasa ba. Makanikenmu na Sabon Gari, wani Bayarabe Kirista mai haƙurin gaske, ya kwance ta ya ɗaura har ya gaji, ya ce shi dai bai ga ciwonta ba. Duk da haka ina sonta. In ta yi gurnani da safe har cikin ƙirjina nake ji, kuma duk wanda ya zage ta a gabana sai mun yi.

Abin da ya fitar da mu kuwa ba yawon shan iska ba ne. Ƙanwar mahaifiyarmu da ke aure a Tsafe za ta tafi aikin hajji ta ƙasa, motarsu za ta tashi bayan azahar. Kowa ya san irin wannan tafiya: wani shekara, wani shekaru, tsofaffi da yawa kuma can suke zama. Ita da Inna sun daɗe ba sa ga maciji, tun wata magana mai zafi da Inna ta yaɓa mata a wajen wani suna. Sai jiya da yamma ɗan aikenta ya iso Bungudu, inda Inna take zaune, da saƙon ban kwana da neman gafara. Inna ta aiko mana da nata saƙon, gajere: "Ba a yahiya ta bakin ɗan aike. Ku zo ku kai ni."

Hanyar Bungudu da sanyin safiya ba laifi. An girbe gero, dawa ta sunkuyar da kai, jakuna na ta shigowa da buhunan gyaɗa. Muka tarar da Inna a ƙofar gida ta riga ta yafa mayafi, da ƙullin hoce da ƙuli-ƙuli a cinya, guzurin da ta kwana yi wa ƙanwarta. Muka sha koko da ƙosan kwabo a tsaye, ƙosan da a Gusau sai ka ba da ninki. Inna ta zauna gaba. Ni kuma aka cusa ni wani ɗan gurbi a baya, inda aka ce Baturen yake ajiye karensa, gwiwoyina a haɓa, garwar ruwa a tsakanin ƙafafuna.

Yayana shi ne ɗan farin Inna, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta ma yi masa magana kai tsaye. Ga shi kafaɗarsu na gugar juna, amma duk abin da za ta ce sai ta waiwayo ta gaya mini, ni in miƙa.

A nan ne na fara lura da abin da ban taɓa lura da shi ba. Yayana mutum ne mai ladabi har ya yi yawa, motar kuma ba rufi, ba yadda zai yi ya ce bai ga mutum ba. Dattijo na zaune a gindin tsamiya, sai birki. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aka ji da kaka. Mu ɗan gusa, ga wani malami a kan jaki, sai birki. Duk wannan inji na kunne, don in aka kashe sai an tura. Tsakanin gaisuwa da gaisuwa kuma tafiyar hawainiya yake yi, wai kada gargada ta wahalar da Inna, alhali a hankalin ne motar ke karkarwa har haƙoranmu na haɗuwa. Kafin mu sake ratsa Gusau ta tafasa, mun tsaya, mun ba ta ruwa. A cikin gari kuwa, inda ya san kowa, ba a magana.

"Kai," in ji Inna, "hwaɗa ma mai motar ga, jakin gidanmu ya hi ta sauri."

Na faɗa masa, ko da yake ya ji.

Daf da dutsen Kwatarkwashi ta sake tafasa, wannan karon da gaske, tururi na tashi kamar an buɗe tukunyar dambu. Ruwan garwa ya ƙare, sai da na gangara wata rijiya, matan da ke ɗiba suka cika mini suna dariya ƙasa-ƙasa. Wata Bafillatana ta sayar mana da fura da nono mai kauri, amma Inna ko kallon ƙwaryar ba ta yi ba. Rana ta take tsaka. Muka yi azahar a nan gefen hanya muna jiran inji ya huce. Muna sallamewa wani mai keke da ya fito daga Tsafe ya ce mana ya baro motar maniyyata an gama ɗaure kaya, ana ta addu'a.

Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Inna ba sai ranar. Ta ƙanƙame ƙullin hocen nan. Tausayinta ya kama ni, na kuma ji haushin motar, na ji haushin kaina da nake yabonta.

Da aka tura ta tashi, Inna ta gyara zama, ta ɗaure mayafinta tamau a haɓa.

"Hwaɗa mai kar shi ƙara tsayawa," ta ce. "Tuƙi nashi, gaisuwa a bar mani. Wanda duk yaj ji haushi shi taho Bungudu shi ishe ni."

Yayana ya zaro ido, kamar an ce ya shiga masallaci da takalmi. Sannan ya yi bisimilla ya taka totur.

Jama'a, ashe ba mu san motar nan ba! Gurnaninta ya sauya, ya zama wata murya mai daɗi. Gargadar da ke ta jijjiga mu tun safe ta ɓace, sai ka ce a kan tabarma muke. Hulata ta tafi, har yau ban san wanda ya tsinta ba. Inna kuwa ta riƙe ƙofa da hannu ɗaya, ta ɗaga ɗayan, duk wanda muka hango sai ta kwarara murya: "Sannunku da aiki! Muna gaisuwa! A gaida gida!" Kafin "lafiya lau" ta fito daga bakinsu mun yi nisa. Ni ina leƙen hancin motar ina jiran tururi, shiru. Iskar da take sha a guje ita ce maganinta, mu kuma muka yi ta tsare ta a rana muna gaisuwa.

A Tsafe muka tarar da 'yan rakiya na watsewa, mata na share hawaye. Wani ya nuna mana hanyar Funtuwa da hannu, yayana ko sannu bai ce masa ba. Ba mu kai Yankara ba muka hango babbar motar tana rangaji, kaya a sama, mutane a kan kaya. Yayana ya danna oda, ƙararta ta cika hanya, ya sha gabanta. Direban ya leƙo zai yi faɗa, da ya ga tsohuwa na fitowa daga jar mota tana tangaɗi sai ya haɗiye maganarsa.

Aka sauko da ƙanwar Inna. Suka tsaya suna kallon juna, sai Inna, wadda ita ce babba, ta fara durƙusawa. Mu dai muka juya baya muka matsa gindin wata ɗorawa, don ba abin da ɗa zai tsaya kallo ba ne. Ba mu ji abin da suka ce ba. Da direba ya gaji ya yi oda, muka waiwaya muka ga ƙullin hoce ya koma hannun mai tafiya.

Dawowa kuwa sai da ta cinye mana sauran yinin. Yayana ya tsaya wurin duk dattijon da muka wuce, ya sauka, ya ba da haƙuri, ya biya gaisuwar da ƙari. Sai-an-tura ta koma halinta, ta tafasa, aka tura, ta sake tafasa. Amma yanzu ko kaɗan ban ji haushinta ba. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne motar ba ta taɓa cin amanar kowa ba. An yi ta don gudu, ranar da aka nemi gudu kuma ta ba da shi. In ka ji ana zagin tsohuwar mota, ka fara tambayar irin aikin da mai ita ke sa ta.

Ana kiran magariba muka sauke Inna a Bungudu. Ta dafa murfin injin da zafinsa, ta sa wa motar albarka kamar wata jikarta. Na raka ta zaure, na kasa haƙuri, na tambaye ta abin da ƙanwarta ta ce.

Ta gyara bakin mayafi, ta amsa.

"Cewa tay yi ita ta yahe tun ran nan. Ni ce dai ban taho na karɓa ba."