Asabe, Bangon Aji Uku Ya Tsage

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Asabe, kuma mutanen unguwarmu a Wudil sun ci amanarta. Ban ware kowa ba, har da ni. Bangon aji uku na firamarenmu ya tsage tun daga sama har ƙasa, hannuna yana shigewa ciki, kuma a gindinsa jikata Hauwa take zama.

Asabe ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Ni ma sai da na aurar da 'ya'ya biyu sannan ta tura ni ajin yaƙi da jahilci, kuma a wannan ɗakin muke karatu bayan la'asar idan yara sun tashi. A zamanin soja iska ta yaye rufinsa. Ba wanda za ka kai wa kuka, ko ƙofar sakatariya ba ma iya tunkara. Maza suka yi zama uku ba su tsayar da komai ba. Sai Asabe ta ce, "Duk Juma'a shanu na cika Kara. Abin da suke bari a ƙasa, na waye?"

Aka kwashe da dariya. Ita kuwa ta je ta nemi izinin masu kula da kasuwar. Ranar Asabar da sassafe muka fita, mata tara, da tsintsiya da kwanduna. Muka share kashin shanu, muka tara, muka sayar wa masu lambu na bakin kogi. Har suna aka sa mana, wai matan taki. Da kaka ta yi, Asabe ta bi gida-gida da ƙwarya. Ba ta karɓar kuɗi, dawa take so, ƙwarya ɗaya. Ta ce da ni, "Wanda zai rantse aljihunsa babu komai, ba zai rantse a gaban rumbunsa ba." Ta ajiye dawar sai da hatsi ya yi daraja da damina ta sayar. Haka aka samu kwano da katako.

Yanzu soja sun koma bariki, farar hula sun hau. Na bi layi na dangwala ƙuri'a, na yi murna kamar kowa. Da bangon ya fara tsagewa, kwamitin iyaye ya ce zamani ya canja, gidauniya ake ƙaddamarwa. Aka kafa rumfa, aka yi hayar kujeru, aka ɗauko lasifika da maroƙi. Manya suka zo, kowa ya miƙe ya yi alƙawari, har ni na rangaɗa guɗa. Wata biyar ke nan, ko bulo ɗaya bai iso ba. Da na ce mu koma Kara, shugaban kwamiti ya ce, "Haba Hajiya, ke da kika yi boko kya koma kwasar kashi? Ai sai mu kunyata masu alƙawari." Da Asabe na nan, ba 'yan siyasa za ta yi wa faɗa ba. Ni za ta kalla, kuma na san irin kallon.

Ranar Talata da hantsi hadari ya taso yara na cikin aji. Ina jin tsawar farko na yar da muciya na fita a guje, takalmi ƙafa ɗaya. Na tarar malaminsu ya tattara su a kusurwa guda. Hauwa ta nuna min littafinta, ƙasa ta cika shi. Ta ce, "Kaka, bangon yana ƙara idan iska ta bugo." Na karɓi littafin na kakkaɓe ƙasar. Damina kuwa yanzu ta fara.

Kwanon da Asabe ta sa zai faɗi tare da bangon, na sani. Abin da ya rage nata shi ne halinta na rashin jiran kowa, in har ba mu binne shi tare da ita ba.

Washegari na riga malamai zuwa, na tsaya a bakin ƙofar aji uku na tare ta. Hedimasta ya iso ya ce, "Hajiya, lafiya?"

Na ce, "Ba lafiya ba, Malam. Ba yaron da zai shiga ɗakin nan. Ga inuwar darbejiya can. Kuma ka ba ni sunayen iyayensu mata, yau zan bi su ɗaya bayan ɗaya."