Shanun Kakata a Filin Rasha

Kawuna a Rasha ya yi karatun injiniya. Da ya dawo Bauchi, tsarabar da ya shigo da ita gidanmu na Ƙofar Wambai ita ce wata hula mai gashi wadda ba ta sakuwa a garin nan, sai zane guda na fenti. Fili ne kore shar, ga rafi, ga dogayen bishiyoyi masu farin jiki, can gefe kuma falwayoyin lantarki sun jeru. Ɗakin kakata ne kaɗai ba ya yoyo, don haka nan ya rataye shi kafin ya gama gininsa. Ginin kuwa bai yi sauri ba.

Kawu akwai son bayani. Duk baƙon da ya leƙo sai ya sha lacca: wai masu zanen can sun daɗe suna jayayya, wasu na cewa a zana ƙauye yadda kakanni suka bar shi, wasu na cewa a nuna ci gaba, wannan kuma ya haɗa biyun.

Kakata Bafulatana ce, a ruga ta girma, can bayan Miri. Ita ciyawar kawai take kallo.

"Duk wannan ba mai ci?"

"Inna, zane ne fa."

"Na ga zane ne. Ina shanun?"

Da idonta ya fara rauni, ta matsa a kai ta tsohon mazauninsu tun tana iya gani. Ni na raka ta a keke napep. Muka tarar da bulo da kwano da shagon cajin waya. Ko tsamiyar da take kwatance da ita babu. Ba ta sauko ba, ta ce mu juya, rana ta yi. Ranar ta ba ni tausayi ƙwarai.

Da Kawu ya yi tafiya, ta aike ni Gwallaga in kira mutumin da ke zana allunan shagunan aski. Ya zo da gwangwanayensa. Ta zauna tana faɗa masa: farare, masu tozo, wannan ta kwanta, waccan da maraƙi, ta bakin rafin ƙahonta ɗaya a karye. Ya tambaya ko ya shafe falwayoyin.

"Bar su," in ji ta. "Ko ka shafe za su dawo."

Kawu ya dawo ya tsaya gaban zanen. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Shanun na nan.

"Inna, kin san daga inda na ɗauko wannan kuwa?"

"Daga inda ba su da shanu."

Ya ce yau ɗin nan zai ɗauke kayansa.

Ta ce, "Ɗauki abinka. Amma ka bar min shanuna."

Bai ɗauka ba. Mai allon askin ya lafta fenti da kauri, ana jin kowace saniya da yatsa. Bayan idon ya rufe gaba ɗaya, kullum da safe takan lalubi bango ta bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta nemi kokonta.

Sai bayan rasuwarta zanen ya koma falon Kawu. Har yanzu baƙi na shan bayani, sai dai ya gajarta. Yakan sa yatsa kan mai karyayyen ƙahon ya ce, "Wannan ita ce mai harbi. Inna kaɗai ke iya tatsarta."