Wendell Mai Baki Biyu

Shekara ashirin da takwas Wendell Kostka ya yi yana koyar da muhawara a sakandaren garinsu a jihar Ohio ta Amurka, kuma duk tsawon shekarun nan yayarsa Doreen ba ta taɓa jin ya faɗi abin da shi kansa ya yarda da shi ba.

Tun suna yara haka yake. In mahaifiyarsu ta tambaye shi kaza yake so ko kifi, sai ya yi ta jero amfanin kowanne har abincin ya huce. Doreen na gama sakandare ta shiga masana'antar injin wanki inda mahaifinsu ya tsufa. Shi kuwa ya tafi jami'a, ya dawo da tabarau da ƙaton akwati cike da katuna, kowane kati ɗauke da maganar wani farfesa.

Aikinsa shi ne ya tara 'yan shekara goma sha shida, ya koya musu yadda za su kare harajin kayan waje da safe, su ragargaje shi da yamma. Yaran da ba su taɓa sayen ko buhun fulawa ba, sai su tsaya suna zuba a kan ƙarfen China da masarar Mexico, da sauri kamar masu gwanjo. Sau ɗaya Doreen ta je kallo. Minti arba'in ta zauna, kalmar "ma'aikata" kaɗai ta iya tsinta. Kofunan gasa kam yaran sun ciwo, Wendell da kansa yake goge su duk Juma'a.

Ana nan sai kamfanin injin wankin ya ba da sanarwar zai kwashe aikin ya kai Mexico, mutum ɗari bakwai za su zauna a gida. Ƙungiyar ƙwadago ta kira taro ranar Asabar da hantsi, kamfanin ya ce zai turo wakili. Abokan aikin Doreen suka matsa mata ta kawo ƙaninta, tunda shi ne masanin cinikin ƙasashe. Ba don ta so ba ta je ta same shi. Ko ƙarasa magana ba ta yi ba ya amsa, har da murna.

Ranar taron ya miƙe ya yi magana ta minti biyar. Ya kawo sunayen garuruwan da suka mutu bayan rufe masana'antunsu, ya ambaci mahaifinsu. Doreen har ta fara jin kunyar rainin da ta daɗe tana yi masa. Sai ya duba agogo, ya juya kati.

"To amma fa, in za a yi adalci..."

Wata minti biyar cur ya yi yana bayanin yadda talaka zai sami injin wanki da araha, da yadda kowace ƙasa ya kamata ta riƙe abin da ta fi iyawa. Wakilin kamfanin ya rufe takardunsa, ya ce malam ya gama magana, shi ba shi da ƙari.

A bakin mota Wendell ya tarar da ita, fuskarsa sai sheƙi take.

"Yaya, kin ga yadda na daidaita abin?"

"Wendell, kai bayan wa kake?"

"Ai ya danganta da ɓangaren da aka ba mutum."

"Namu muka ba ka."

"Ba ku ce kada in taɓo ɗayan ba."

Da bazara aka rufe masana'antar. Doreen ta san ko bai buɗe baki ba za a rufe, don haka ba ta ɗora masa wannan ba. Ta sami aiki a gidan kula da tsofaffi, tana da shekara hamsin da bakwai.

Shekara na zagayowa ya kira ta a waya, wai cinikin ƙasashe ne batun gasar muhawarar bana, ko za ta zo aji ta ba yara labarinta, don su sami hujja mai rai. Ta tambaye shi wane ɓangare ne zai yi amfani da ita. Ya ce duka biyun, in an iya sarrafawa. Ta ce masa tana da tsohuwar da za ta yi wa wanka, ta ajiye wayar.