Ruwan da Ya Halatta, Ya Kwantar da Ni Damina Guda

Shekarun baya, Turawa suna ƙasa, ina saurayi a wani ƙauye tsakanin Karaye da Rogo, aka yi wata ambaliya da ta rufe rijiyarmu. Da ruwa ya janye sai ya bar tafki a bayan gari, garau da shi.

Mahaifiyata ta hana mu sha. Kullum sai ta ɗauki tulu ta tafi rijiyar wani ƙauye can wajen Kwanyawa. Ta ce, "Ruwan da ba ya tafiya, kurkunu ke ciki."

Ina da aboki, tare muke ɗaukar karatu a zaure, ya kuwa fi ni baki. Ya kamfaci ruwan ya shinshina, ya ce, "Launi bai sauya ba, ɗanɗano da wari haka. Mai tsarki ne. Ko Inna ta fi littafi sani?"

Ni kuma, da ɗan ajamina da ya fara kumbura mini kai, na durƙusa na sha. Har na koma gida ina yi wa mahaifiyata fatawa. Ta dube ni kawai, ta ci gaba da tace ruwanta da ƙyalle.

Damina ta zagayo, ranar da za a fara noman gyaɗa, ƙafata ta yi bororo. Kurkunu uku! Wata uku ina kwance, ana naɗe su a tsinke kaɗan-kaɗan. Tsohuwar da na raina ita ta ɗauki fartanya, rabin gonar kuma ciyawa ta cinye.

Sai ga abokina ya zo dubiya, ƙafafunsa sumul. Na ce, "Kai yaya ka tsira?"

Ya ce, "Haba malam! Ni alwala kawai nake yi da shi. Ruwan sha ai a gora nake zuwa da shi daga gida. Ƙaddara ce, ka yi haƙuri."

Wallahi da ina iya tashi, da ranar an raba mu. Ashe yana tsoron ruwan, ya tsaya yana kallo ina kwankwaɗa!

Na yi imani da ƙaddara. Amma littafi bai yi mini ƙarya ba, hukuncin tsarki ya faɗa, bai ce in sha ruwan kwance ba. Na yafe masa, Allah ya jiƙansa, sai dai har yau in na zo wanke ƙafa a alwala na shafo tabon, sai raina ya sake ɓaci.

Jikokina sun san dokata: bayan ambaliya, ruwan kwance ba a sha, ba a shiga. Wanda ya kawo mini hujja, sai in naɗe wando in nuna masa tawa.