Mai Askin da Kunnensa Ya Cika

A layinsu ba mai kiransa da sunan yanka, sai Sauraro. Shagon askinsa ɗan tsukut ne: kujera mai juyawa, madubi mai tsaga a gefe, benci, da fankar da ƙararta ta fi iskarta yawa. Duk wanda aka ɗaura wa ƙyalle a wuya, sai bakinsa ya buɗe. Wannan an sallame shi daga aiki, wancan ɗansa ya gagare shi, wani kuma likita ya faɗa masa abin da ko matarsa bai gaya wa ba. Sauraro yana aski yana "to, to". Gashin yakan share ya zubar, amma maganar bin shi take yi har gida.

A hankali barci ya ƙaurace masa, abinci ya zama kamar magani. In matarsa ta ɗauko zance, sai ya ji kamar an ɗora masa dutse. Wata rana da hantsi, yana tsakiyar yi wa wani direba aski, hannunsa ya tsaya cak. Injin yana ta kuka, shi yana kallon madubi.

"Maigida, haka zan fita da rabin kai?" in ji direban.

Da ƙyar ya ƙarasa, ya kulle shago ta ciki, ya zauna yana jin ana ƙwanƙwasawa.

Ƙanwarsa nas ce. Ta auna shi ta ce, "Yaya, gajiya ce ta taru maka. Akwai wata mai ba da shawara a wurin aikinmu. Za ta saurare ka."

"Saurare kawai? Shi ma sana'a ce?"

Gaskiya ba don ya yarda ya je ba. So yake ya ga yadda ake yin abin da shi yake yi kyauta. Ya tarar da ɗaki mai kujeru biyu, tukunyar fure a taga, da wata dattijuwa mai gilashi. Ya duba, babu allura, babu gado. Ta tambaye shi abin da ke tafe da shi, shi kuwa saboda sabo ya hau tambayarta yara da aiki. Ta yi murmushi ta yi shiru. Shirun ya yi tsawo, sai ya ji kansa yana ba da labarin wani dattijo da ya daɗe yana yi wa aski, wanda ya rasu ya bar masa sirrin ciwonsa. Ko gaisuwa bai samu zuwa ba, shago cike yake.

A zuwa na gaba ya kasa haƙuri. "Malama, ke ina kike juye abin da ake faɗa miki?"

"Ni ma ina da wadda nake zuwa wurinta. Kuma in na tashi aiki, na tashi."

Ya jinjina kai. "Haka ne. Mai aski ba ya aske ƙeyarsa."

Tare suka tsara abin da zai iya. Ya ci abincin rana a zaune, ya ware rana ɗaya ta hutu, in magana ta yi nauyi ya ce, "Wannan kam ta fi ƙarfin almakashi, ga inda za ka," ya kwatanta masa wurin dattijuwar. Wasu sun ji haushi, ɗaya ma ya koma wani shago. Barcin bai dawo a lokaci ɗaya ba, amma ya dawo.

Ranar hutunsa ta farko ya rasa abin yi, sai ya raka 'yarsa makaranta. Tana tafe tana satar kallonsa.

"Baba, ba ka da lafiya ne?"

"Lafiyata ƙalau."

Ta ɗan yi tunani. "To, riƙe min jakar."