Abin da Ke Ƙarƙashin Rigar Baba

Madarumfa

Ƙarfe shida saura kwata muka bar gida, ni da Baba. Wata biyu ke nan da yi masa aiki a mara, yana yawo da robar fitsari ɗaure a ƙugu. Ban da ni da Inna, babu wanda ya sani. Mutumin da ya shekara arba'in yana su a tabki da ɗan wando, yau ba ya fita sai da babbar riga.

Dala ɗari-ɗari muka biya a tasha. A shingen jandarmomi aka duba katinmu kawai, na yi ajiyar zuciya.

Maradi

Ƙarfe takwas muna asibiti, sha ɗaya an canza robar. Muka ci ƙosai da kunu, sannan Baba ya ce sai ya saya wa Inna tarmos na ruwan zafi a wani babban kanti.

A bakin ƙofa an rubuta cewa ana caje duk mai fita. Mun biya za mu wuce, gardin da ke tsaron ƙofar ya tare mu, idonsa a kan tudun da ke ƙugun Baba.

"Baba, ku yi haƙuri, mi ke cikin rigar?"

Raina ya ɓaci, na fara faɗa. Gardin ya ce, "Ɗan'uwa, jiya wani ya fita da kwalba uku cikin riga irin wagga. In na ƙyale, aikina ya tafi."

Gaskiyarsa, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ga kuma Malam Idi maƙwabcinmu tsaye a layin biya, wanda labari ba ya kwana a bakinsa.

Baba ya kama hannun gardin. "Taho, ɗana."

Suka shiga bayan buhunan shinkafa. Da suka fito, gardin ya ɗaga murya: "Layun masunta ne, jama'a! Ni ban taɓa su." Ya ɗauki tarmos ɗin ya raka mu har titi, kansa a ƙasa.

Gida

La'asar muka iso. Kafin magariba unguwa ta ɗauka cewa Baba na da layun da suka firgita gardin Maradi. Inna ta yi dariya har da hawaye.

Baba bai yi dariya ba. Da ya sallame salla na ji yana yi wa gardin addu'a, sai ya juyo.

"Ka tambayi sunansa?"

Ban tambaya ba. Mun gode Allah da ya dawo da mu lafiya. Gardi, Allah ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mana.