Hannun Ƙanena Bai Shiga Takarda Ba

Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, na ba shi shekara bakwai. Majemi ake ce masa, domin jima ya yi tun yana saurayi har ranar da aka rufe masana'antar fatu. Daga nan ya sami aikin wanke kwalabe a wani ɗakin bincike. Ni ba mai yawan magana ba ne, amma abin da aka yi masa ya tsaya mini a wuya, shi ya sa na ɗauki biro.

A wurin nan ruwa suke rabawa ta hanyar wutar lantarki, ya zama iska iri biyu. Ɗayar sunanta haidirojin, makamashi ce marar hayaƙi. Tsakanin biyun ana sa wani tantani kamar leda, domin in suka haɗu abin na iya fashewa. Tantanin da aka saba da shi akwai sinadarin fulorin a ciki, irin wanda ba ya ruɓewa in ya shiga ƙasa ko ruwa. Su suna neman wanda babu shi. Haka Majemi ya gaya mini, ban ƙara gishiri ba.

Wata Dakta ce ke haɗa ruwan tantanin. Kamar zuma yake. A zuba a kan gilashi, a ja shi da aska sau ɗaya, ya bushe, a ɓamɓaro. Na ɗalibanta ko ya yi kauri gefe guda ko ya yage. Wata rana Majemi ya ɗaga wani da aka yar, ya duba ta hasken taga, ya ce, "Dakta, wannan huji uku gare shi." Ta duba a na'ura, ukun ne. Ta miƙa masa askar.

Shekara tara yana ja.

Sai aka kawo sabon shugaba. Ya sayo injin jan tantani, ya ce wanda ba shi da takardar makaranta ba zai ƙara taɓa aska ba. Ya ba Majemi mako guda ya rubuto yadda yake yi. Majemi bai iya rubutu ba, ni kuma aji huɗu na yi. Ya zo ɗakina ran Asabar da hantsi, shi a tunaninsa in takardar ta yi kyau za a bar shi kusa da teburinsa.

"Rubuta, Yaya. A ja har sai ya yi nauyi a hannu."

"Nauyi nawa?"

"Nauyi dai. Ran da gari ya yi laima a sassauta hannu. A ɓamɓaro in ya yi laushin kunnen ɗan akuya."

Matata ta leƙo daga tsakar gida ta ce, "Akuyar wa? Ta maƙwabtanmu kunnenta kamar takalmi."

Muka yi dariya, amma na rubuta, domin gaskiyarsa ya faɗa. Har kwalin da ya naɗe ya sa ƙarƙashin ƙafar tebur don gilashi ya daidaita, na sa a ciki. Shafi biyu, sau uku ina sakewa.

Shugaban ya karanta takardar a gaban taro, da murya. Da ya zo kan kunnen akuya ya tsaya, ya jira aka gama dariya. Mutumin da ko sau ɗaya bai taɓa riƙe askar nan ba. Dakta tana zaune, ta zuba wa takalminta ido. Shekara tara tana ce masa Baba, ran nan ko tari ba ta yi ba. Ƙarshen wata aka sallame shi, aka ce ya huta. Kwalin ma mai shara ya kwashe.

Bayan wata uku mota ta tsaya a ƙofar gidana, muna zaune a kan benci. Dakta ce. Ta ce tantanin injin duk huji, gwaji ya tsaya.

Na ce, "'Yar nan, ki ce wa shugabanki ya zo da ƙafarsa. Ya karanta takardar nan a nan, mu ma mu sami abin dariya."

"Baba, ba zai zo ba. Kuma ba zan ɓoye muku ba, ba aikin za a mayar masa ba. Kwana uku ne, ya nuna wa mai injin."

Na juya in ga fuskar ƙanena, na tarar yana laluben takalmi a ƙarƙashin benci.

Ya ce, "An haɗa ruwan?"

"Tun jiya."

"Tun jiya? Kun dai rufe shi?"

Na ce, "Kai Majemi, zauna. Ba ka da zuciya ne?"

"Yaya, zai lalace."

Ya shiga ɗakina ya yago gefen kwalin da nake ajiye takardu, ya naɗe, ya sa a aljihu, ya shiga motar.

Kwana ukun sun cika tun makon jiya. Ya dawo gida, babu wanda ya sake nemansa. Kullum yana zuwa ya zauna a bencin nan. Ina amsa gaisuwarsa, iyakarta ke nan.